LIKITAN IDO DA TAKWARORINSA: TARKEN SUNAYEN ƘWARARRUN LIKITOCI A HAUSA

1.0 Gabatarwa

Duk Bahaushen da idonsa ya dame shi ya san sunan wanda zai nema, wato likitan ido. Suna ne gajere, mai sauƙin faɗa, wanda bai saɓa wa ƙa'idar harshe ta kowace fuska ba. Aibinsa ɗaya ne: a yau mutum biyar ne suke amsa shi, alhali iliminsu da aikinsu da abin da doka ta yarje wa kowannensu ba ɗaya ba ne. Idan suna ɗaya ya haɗa mai yin tiyata da mai sayar da tabarau a bakin tasha, to maganar ta wuce ta nahawu, domin kuwa ganin mutum ne a kan faifai.

Manufar wannan maƙala ita ce yin tarken sunayen da Hausa ta raɗa wa ƙwararrun likitoci, tare da ba da ƙarfi a kan masu aikin ido. Za a duba yadda aka gina sunayen, da inda ginin ya yi kyau, da inda ya gaza, sannan a kawo shawarwari. An tsamo misalan ne daga maganganun yau da kullum a garin Kontagora ta Jihar Neja, inda aikin koyarwa ya kawo marubucin, da kuma daga shirye-shiryen rediyo da jaridu da allunan da ake kafawa a ƙofofin asibitoci da shaguna.

Akwai dalilin da ya sa Kontagora ta dace da irin wannan nazari. Gari ne da Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a ƙarni na 19, kuma Hausa ce harshen kasuwa da na asibiti a cikinsa, amma ƙasar da ke kewaye da shi ta Kambari ce da Dukkawa da Dakarkari da Kamuku da Fulani. Da yawa daga cikin marasa lafiyar da ke zuwa gari Hausa harshe na biyu ce a wurinsu, haka ma wasu daga cikin ma'aikatan da za su duba su. Kalmar da ta yi harshen damo ga ɗan asalin harshe, a nan illarta ninki biyu ce.

2.0 Waiwaye a Kan Ayyukan da Suka Gabata

Aikin samar wa Hausa keɓaɓɓun kalmomi ba sabo ba ne. Ƙamusun Bargery (1934) da na Abraham (1949) sun taskace ɗimbin sunayen cututtuka da na masu magani na gargajiya. Hukumar Hausa da aka kafa a 1955 ta tace kalmomin aro, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma, wadda ta fara fitowa a 1939, ta daɗe tana gwada sababbin kalmomi a kan masu karatu. A 1990 aka buga Hausa Metalanguage wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, sai dai fagensa harshe ne da adabi da dabarun koyarwa. A 1991 aka fitar da jerin kalmomin majalisar dokoki cikin harsuna huɗu. A 2006 Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa, sannan a 2017 aka sami jerin kalmomin Ingilishi da Hausa a kan cutar ƙanjamau da ta Ebola.

Ta ɓangaren al'ada kuwa, Wall (1988) ya yi bayanin masu magani a wani ƙauye na ƙasar Katsina, Bunza (1995) ya yi nazarin magungunan Hausa a rubuce, Abdalla (1997) kuma ya bi tarihin ilimin magani na Musulunci a Arewacin Nijeriya.

Abin lura shi ne, ƙarfin waɗannan ayyuka ya fi karkata ga sunan cuta da sunan magani da na mai maganin gargajiya. Sunan ƙwararren likita na zamani an bar shi ga masu fassarar labarai da masu rubuta alluna, kowa yana raɗa wanda ya zo masa a baki. Alhali shi ne sunan da ke nuna wa marar lafiya ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

3.0 Sunayen Masu Magani a Gargajiyance

Kafin zuwan asibiti Bahaushe ya san ƙwarewa, kuma ya ba ta sunaye. Ga kaɗan daga ciki:

(1) a. maɗori: mai ɗora karaya da gyaran targaɗe da gocewar ƙashi
b. wanzami: mai aski da ƙaho da kaciya da tsaga da cire beli
c. ungozoma: mai yanke cibiya da kula da mai jego da jinjiri
d. magori: mai yawo da saiwoyi da sassaƙe yana talla
e. 'yar mai ganye: mai sayar da maganin yara da na mata

Bayan waɗannan akwai masu sana'ar da ake zuwa wurinsu saboda ciwon da ya danganci sana'arsu: maƙera don ƙuna, masunta don ƙayar kifi da ta maƙale a wuya, gardawa don saran maciji.

Idan aka lura da kyau za a ga babu ɗaya daga cikin sunayen nan da aka gina a kan gaɓar jiki. Bahaushe bai ce bokan ƙashi ba, cewa ya yi maɗori, wato ya ɗauki aikatau ɗora ya yi masa ɗafa-goshin ma- da ɗafa-ƙeyar -i, kamar yadda ya yi a maɗinki da marubuci. Ke nan tsohon tsari yana kiran mutum ne da abin da yake aikatawa, ko da kayan da yake riƙe da su. Amfanin wannan a fili yake: wanda ya je wurin maɗori ya san abin da za a yi masa tun daga sunan.

Su ma malamai suna da nasu kalmomi daga Larabci, irin su ɗibbu da ɗabibi. Larabawan dauri sun keɓe wa mai maganin ido suna na musamman, wato kahhal, daga kalmar da ke nufin kwalli. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, kuma baffa ne ga wanda ya kafa Kontagora, ya yi rubutu da Larabci a kan maganin ciwon ido. Duk da haka kahhal ba ta shiga bakin jama'a ba. Wannan darasi ne ga masu ƙirƙira: kalma ba ta zama ta harshe don kawai malamai sun san ta.

4.0 Kalmar Likita da Ginin da Aka Ɗora a Kanta

Masana sun tafi a kan cewa likita an aro ta ne daga kalmar Ingilishi doctor, aka saka wasali tsakanin baƙaƙen da suka haɗu don ta dace da tsarin gaɓar Hausa. Daga baya aka sake aro ta a matsayin dakta, wadda ta zama laƙabi ga likita da kuma mai digiri na uku. A Jamhuriyar Nijar ana jin lokotoro daga Faransanci, kuma a can likita kan ɗauki ma'anar asibiti.

Tun da farko likita ta fi asalinta faɗi. A ƙauye, duk mai farar riga da allura likita ne, ko malamin jinya ne ko mai shagon magani. A kan wannan faffaɗar kalma aka gina sunayen ƙwararru, ta hanyar liƙa mata mahaɗin -n, ko -r idan mace ce, a biyo da suna. Sunan da ke biyowa iri biyar ne:

(2) a. gaɓa: likitan ido, likitan haƙori, likitan zuciya, likitan ƙoda, likitan fata
b. wanda ake dubawa: likitan yara, likitan mata, likitan dabbobi
c. cuta: likitan kuturta, likitan tarin fuka, likitan yoyon fitsari
d. aiki: likitan tiyata, likitan fiɗa
e. mai shi ko siffarsa: likitan gwamnati, likitan soja, likitan kirki

Dole a yaba wa wannan gini. Yana da yalwa, domin duk wani sabon fanni da ya ɓullo za a iya ba shi suna nan take. Yana karɓar karin harshe, domin mutumin yamma da ke cewa ijiya zai iya sa ta a gurbin ido ba tare da ginin ya rushe ba. Ba kuma alama ce ta talaucin harshe ba, kamar yadda wasu 'yan boko suke zato. Kalmar Ingilishi ophthalmologist daga Girkanci take, kuma ma'anarta ba ta wuce masanin ido ba. Jamusanci cewa yake Augenarzt, wato ido da likita, Suwahili yana cewa daktari wa macho, Larabcin zamani kuma ɗabibul uyun. A kan wannan tsari jama'a suka raɗa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da asibitin ido da asibitin kunne a Kaduna, kuma babu direban motar haya da zai ɓata idan aka ambata masa su.

Rauninsa kuwa biyu ne. Na farko, mahaɗin ba ya bayyana irin dangantakar da ke tsakanin sunayen biyu, sai mai sauraro ya cike da kansa. Na biyu, ginin yana nuna wurin ciwo ne kawai, ba ya nuna abin da mutumin ya iya yi. Wato an yar da ainihin abin da tsohon tsari ya riƙe.

5.0 Likitan Ido: Suna Ɗaya, Mutum Biyar

Ga waɗanda ake kira da wannan suna a Kontagora da sauran garuruwan Arewa:

Na farko shi ne wanda Ingilishi ke kira ophthalmologist. Cikakken likita ne da ya yi shekara shida a jami'a, sannan ya ƙara wasu shekaru na ƙwarewa a ƙarƙashin kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ko takwararta ta Afirka ta Yamma. Shi ne mai yin tiyata a cikin ido.

Na biyu shi ne optometrist. Shi ma yana da digirin jami'a na shekara shida mai ba shi laƙabin dakta, amma a fannin ido kaɗai. Yana auna gani, ya rubuta tabarau, ya gano cuta, ya yi maganin wasu, ya tura wasu gaba. Ba ya yin tiyatar yana.

Na uku shi ne optician, mai yanka gilashi da haɗa tabarau bisa abin da aka rubuta. Dokar soja ta 1989 ce ta kafa hukumar da ke yi wa na biyu da na uku rajista.

Na huɗu shi ne malamin jinya da ya sami ƙarin horo a kan ido. A asibitocin da ke nesa da manyan birane, sau da yawa shi ne wanda marar lafiya zai fara gani.

Na biyar ba na asibiti ba ne. Shi ne mai yawo ƙauye-ƙauye yana aikin yana da tsinke, da kuma mai baza tabarau da maganin ɗigawa a kasuwa.

Me wannan cakuɗa ke jawowa? Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya duba mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. Ya gano kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, kuma kashi 84 na makantar ana iya kauce mata ko a warkar da ita. Yana ce ta haddasa kashi 43, cutar gilakoma kuma kashi 16.7. Abin da ya fi shafar wannan maƙala shi ne, fiye da kashi 40 na idanun da aka taɓa yi wa aikin yana masu tsinke ne suka yi shi, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na waɗannan idanu ba sa gani a lokacin da aka duba su. Talauci da nisan asibiti su ne manyan dalilai, ba a musun haka. Mutumin ƙasar Kontagora da ke bukatar babban aiki yakan kama hanyar Minna ko Sakkwato ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ko asibitin ido na mishan a Kano wanda ke aiki tun 1943. Amma harshe yana da nasa kason laifi. Idan wanda ke Kaduna likitan ido ne, wanda ya zo har ƙofar gida shi ma likitan ido ne, kuma dukansu cire yana suke yi, da wace hujja tsoho zai zaɓi doguwar tafiya?

5.1 Aikatau da Sunan Cuta

A nan ne ake ganin aikatau ma yana da hannu. Yana a Hausa abu ne da ke kwanciya a saman wani abu, kamar yanar da ke kan kunu idan ya huce. Sunan yana sa mai ji ya ɗauka wata fata ce a saman ido da za a yaye. A haƙiƙa madubin da ke cikin ido ne ya dushe. Likitan tiyata yana fitar da shi ne ya sa na roba a gurbinsa. Mai tsinke ba ya fitar da komai, tura madubin yake yi ya faɗa can cikin ido ya zauna. Saboda haka cire yana gaskiya ce game da na farko, ƙarya ce game da na biyu. Abin da ya dace da aikinsa shi ne ture yana ko kwantar da yana.

Haka nan sunan da ya bazu na gilakoma, wato hawan jinin ido, an gina shi ne a kan kamance da hawan jini. Sai dai ba jini ne ke hawa ba. Ruwan da ke cikin ido ne kan kasa fita yadda ya kamata, matsinsa ya lalata jijiyar gani, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa. Wanda aka auna jininsa aka ce lafiya lau zai iya ɗauka ya tsira, mai shan maganin hawan jini kuma ya ɗauka ya wadatar. Hawan ruwan ido ya fi kusa da gaskiya, amma ya ci karo da ruwan ido da Bahaushe ya riga ya sani, wato kasa zaɓe. Matsin cikin ido ya kuɓuta daga duka biyun.

Na uku ita ce dundumi. Ma'anarta ta asali ita ce rashin gani da dare. Amma a labaran rediyo da jaridu akan ji ta a matsayin sunan makantar da baƙin ƙudan bakin kogi ke yaɗawa, wadda ake raba ƙwayar Mectizan dominta tun bayan 1987, a wani lokaci ma a ji ta a gurbin amosanin ido. A jihar da kogin Kwara da kogin Kaduna suka ratsa, wannan ba ƙaramin ruɗani ba ne, domin cuta uku ce masu sababi uku da magani uku.

6.0 Sauran Ƙwararru

Matsalar ba ta tsaya ga ido ba. Za a iya kasa ta gida uku.

6.1 Suna Ɗaya, Fanni da Yawa

Likitan ƙwaƙwalwa yana nufin mai maganin taɓin hankali, da mai maganin farfaɗiya da shanyewar ɓarin jiki, da mai tiyatar kai, a wani lokaci har da masanin halayyar ɗan'adam wanda ba likita ba ne. Sakamakon haka mai farfaɗiya yakan ƙi zuwa inda aka tura shi, don kada a ce ya je asibitin mahaukata irin na Dawanau ko Ƙware ko Barnawa. Masu son gyara sukan ce likitan jijiyoyi, amma jijiya a Hausa ta haɗa mai ɗaukar jini da mai ɗaukar saƙo da wadda ke ɗaure tsoka, saboda haka an gudu ba a tsira ba. Likitan ciki shi ma haka yake: cikin da ke murɗa ne, ko na haihuwa?

6.2 Sunan da Ya Ƙuntata Fanni

Ana kiran ƙwararre a kan hanyar fitsari likitan maza, saboda shi ke duba kumburin da ke hana dattawa fitsari da matsalar gaba. Amma mata ma suna da mafitsara, kuma shi ne mai duba ta. Sunan yana kore rabin waɗanda suke bukatarsa. Likitan mafitsara ya fi adalci.

6.3 Sunan da Rubutu ko Mahaɗi Ya Karkatar

Daidaitaccen rubutun Hausa ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti. Sashen da ake motsa gaɓoɓi da gasa su jama'a sun raɗa masa gashi, amma likitan gashi a rubuce bai bambanta da mai maganin sanƙo ba. Masu rubuta alluna kuma sukan yar da lanƙwasar ƙ, sai likitan ƙashi ya koma wani abu da ba a so a faɗa, kuma mai jin Hausa a matsayin harshe na biyu wanda ba ya furta ƙ ba shi da abin da zai gyara da shi. Ciwon daji suna ne karɓaɓɓe, amma likitan daji ya faɗa rukunin (2e), ya zama likitan da ke zaune a jeji. Haka likitan hankali zai iya zama ɗan'uwan likitan kirki. A irin waɗannan wurare taƙaitawa ba ta halatta ba.

7.0 Tarken Hanyoyin Masu Fassara

Masu fassara sun lura da gibin, kuma sun bi hanya uku wajen cike shi, kowace da aibinta.

Hanya ta farko ita ce doguwar jimla, irin ƙwararren likita mai kula da cututtukan da suka shafi idanu. Wannan bayani ne, ba suna ba ne. Ba ya hawa allo, ba ya zama a baki, kuma duk tsawonsa bai raba na farko da na biyu a sashe na 5.0 ba.

Hanya ta biyu ita ce ƙara siffa, kamar babban likitan ido ko ƙwararren likitan ido. Babba a asibiti muƙami ne, ba fanni ba, ƙwararre kuwa yabo ne da kowa ke iya yi wa kansa. Mai tsinke ma ƙwararre yake rubutawa a allonsa.

Hanya ta uku ita ce kawo kalmar Ingilishi ɗungurungum. Aro ba laifi ba ne, domin da shi aka sami asibiti da tiyata da nas da kemis. Amma waɗannan gajeru ne, sun kuma bi tsarin sautin Hausa. Kalmomin nan uku na masu aikin ido kuwa sun yi kama da juna a kunne har ga masu Ingilishin kansu, to ina ga wanda ya fito daga Rijau ko Mariga?

Akwai hanya ta huɗu da masana harshe za su yi sha'awa, wato komawa ga ɗafa-goshin ma-, a ce ma'aunin gani bisa misalin maɗori. Ita ma tana da cikas. Ma'auni mai nufin mutum da ma'auni mai nufin abin awo karin sauti ne kaɗai ya raba su, na farko sama-ƙasa-sama, na biyu duk sama, a rubuce kuwa ɗaya ne. Mai karanta allo zai ɗauka na'ura ake nufi.

8.0 Shawarwari

Ba za a iya ƙwace likita daga bakin jama'a a mayar da ita ga rukuni ɗaya ba, kuma ƙoƙarin yin haka zai jefa masana harshe cikin gardamar matsayi da ke tsakanin ma'aikatan lafiya, wadda ba tasu ba ce. Abin da ya fi shi ne a bar likitan ido ya zama sunan gama-gari, sannan a haɗa tsarin nan biyu, wato a ambaci gaɓa kamar yadda sabon tsari ke yi, a kuma ambaci aiki kamar yadda tsohon ke yi:

(3) a. likitan tiyatar ido
b. likitan awon gani
c. mai haɗa tabarau
d. malamin jinyar ido
e. mai ture yana

(4) a. likitan taɓin hankali
b. likitan ƙwaƙwalwa da laka
c. likitan tiyatar ƙwaƙwalwa
d. likitan ciwon ciki, daban da likitan haihuwa
e. likitan mafitsara
f. likitan ciwon daji
g. likitan gashin ƙashi

Babu baƙuwar kalma ko ɗaya a jerin nan, kuma wasu daga ciki jama'a sun riga sun fara faɗa. Za a iya cewa (3a) ya ƙuntata, tunda mai shi ba tiyata kaɗai yake yi ba, haka (3b) tunda mai shi ba awo kaɗai yake yi ba. Gaskiya ne, amma wanzami ma ba aski kaɗai yake yi ba, maɗori kuma yana gyaran targaɗe. Abin da ake bukata ga suna shi ne ya riƙe siffar da ta raba mai shi da maƙwabcinsa.

Bayan wannan, ya kamata cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero da sassan Hausa na Zariya da Sakkwato su zauna da ƙungiyoyin likitoci da gidajen rediyo a tsayar da jeri ɗaya. Kafin a buga shi a gwada shi a wurare irin su Kontagora da Zuru da Yawuri, ba a cikin birnin Kano kaɗai ba, domin kalmar da Bakambare da Badakkare suka gane, Bakano ba zai kasa gane ta ba. A kuma tilasta rubuta baƙaƙe masu lanƙwasa a allunan asibiti.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa Hausa tana da tsari biyu na kiran masu magani: na gargajiya mai dogara da aiki, da na zamani mai dogara da gaɓa ko cuta ko wanda ake dubawa. Na zamani ya wadatar a inda gaɓa ɗaya take da mai duba ɗaya, amma ya gaza a inda ma'aikata da yawa suka taru a kan gaɓa ɗaya, kamar ido da ƙwaƙwalwa, ko inda mahaɗi da rubutu suka bar ƙofar ma'ana biyu. An kuma nuna cewa doguwar jimla da ƙarin siffa da aro ba tacewa ba su magance gazawar ba. Maganinta yana cikin harshen kansa, wato a mayar wa sunan da aikin da aka cire masa. Sauran aiki shi ne a yi irin wannan tarke ga sunayen sassan asibiti da na gwaje-gwaje, waɗanda su ma marar lafiya yake bi da kunne kafin ya kai ga likita.